Haripada Mai Gina Ƙwaƙwalwa da Yumɓu

A unguwarmu ta Ghurni, can arewa da Kolkata, in yaro ya tashi bai iya murza yumɓu ba, sai a ce a tambayi uwarsa daga wane gari ta ɗauko shi. Kowa magini ne. Amma ko a cikin maginan, wana Haripada Pal daban yake. Ya taɓa gina mangwaro, na shafa masa fenti, muka ajiye a bakin taga ya bushe, akuyar maƙwabta ta zo ta gatsa. Shekara da shekaru yana ba da wannan labari, kuma kullum akuyar ƙara girma take yi.

Ni ce ƙanwarsa, Aloka. Shi ke gini, ni ke fenti, haka mahaifinmu ya raba mana aikin kafin ya rasu. Ko da na yi aure ban bar rumfar ba, don gidan mijina a bayan layi yake. Mutum-mutumin masunta da tarunsu muke yi, da mai tallan kayan miya, da tsohuwa mai tsefe wa jikarta kai, duk ba su wuce tsawon tafin hannu ba. In bikin allahiya Jagaddhatri ya matso kuma sai manyan gumaka. Dada, haka nake kiransa tun ina ƙarama, mutum ne mai surutu da son yabo. In ka ce aikinsa ya yi kyau, sai ka sha shayi. In ka ce hancin ya ɗan karkace, sai ya yi mako bai amsa gaisuwarka ba.

Matarsa Shefali 'yar masaƙan Shantipur ce, mai yawan dariya, mai saurin hannu a girki. Ni Boudi nake ce mata, wato matar wa. Cikinta na fari yana wata takwas rana ta yi husufi. Tun ana gobe Ma, mahaifiyarmu, ta kafa doka: mai ciki ba za ta fita ba, ba za ta taɓa wuƙa ko allura ba sai rana ta dawo. To, Dada ya sayo kifi da asuba, ya manta da dokar, ga zafi. Boudi ta ga kifin zai lalace, ta ja wuƙar nan tamu da ake takewa da ƙafa, ta gyara shi tun duhun husufin bai gama washewa ba. Ma ta shigo ta gan ta. Aka yi 'yar hayaniya, aka ci kifi, aka manta.

'Yarsu Jhumur ta zo duniya lafiya lau a ganinmu, gashi cike da kai, murya kamar ta mai talla. Sai da ta kai lokacin zama muka fara lura. In an zaunar da ita sai ta yi ta layi ta kife gefe guda, kamar tulun da gindinsa bai daidaita ba. In ta miƙa hannu za ta ɗauki abu, sai hannun ya wuce shi, ya dawo, ya sake wucewa. Idanunta ma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ta shekara biyu ko rarrafe ba ta yi.

Ma ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi sauƙi. Duk sanda yarinyar ta kife, sai dai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kifi dai an ci." Boudi ta daina dariya. Ta rame, ta daina fita wajen mata, in aka kawo kifi gidan sai ta ce kanta ke ciwo, ni in gyara.

Muka kai Jhumur babban asibiti a Kolkata, aka sa kanta a wata na'ura aka ɗauki hoton cikinsa. Likitan yara, wani dattijo da layin mutane har bakin ƙofa, ya ɗaga hoton ya nuna wa Dada da biro.

"Ka ga nan, ta ƙeya? Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin babbar. Ita ke riƙe mutum kada ya faɗi, ita ke saita hannu da ƙafa. Ta 'yarka tsakiyarta bai gama ginuwa ba."

"Yaushe abin ya faru, Likita?"

"Tun a ciki."

Ya tura mu wajen masu motsa gaɓoɓi su koya mana atisayen da za mu riƙa yi mata, ya kira na gaba. Da muka dawo gida muka faɗa wa Ma, ba ta ji komai ba sai kalmomin nan uku. Ta ce, "Tun a ciki. To, ni me na ce?"

Abin ya tsaya wa Dada a rai. Ciki wata tara ne, a wane wata? Ya yi ta juya hoton a gaban fitila, bai ga komai ba sai toka-toka da baƙi-baƙi. Ya ce mini, "Alo, ni abin da ban riƙe a hannu ba, kaina ba ya ɗauka." Ranar da muka kai kaya wani shago a Kolkata ya ja ni muka koma asibitin, muka jira har likitan ya sallami kowa. Dattijon ya saurare shi, ya ce, "Ni mai magani ne, tambayarka ta malamai ce. Ku je tsohon ginin nan na baya, inda ake koya wa ɗalibai sassan jiki, ku nemi Dakta Ferdousi."

Mun same ta a wani ɗaki mai warin magani, gajeriya, da tabarau a saman goshi da alli a gefen zaninta. Dada ya fara da gabatar da kansa, da kakanninsa, da sarakunan da suka sayi aikin kakannin nasa. Ta katse shi.

"Pal-babu, ina da aji. Me ya kawo ka?"

Ya miƙa mata hoton. Sai kawai ya ba ta labarin kifin. Ban taɓa jin ya yi magana a taƙaice haka ba.

Ta sauke tabaran ta duba hoton, ta daɗe. Daga nan ta buɗe wani akwati mai ɗumi a kusurwa, cike da ƙwan kaji da take ajiye wa ɗalibai. Ta ɗauko ɗaya da ya yi kwana biyu zuwa uku a ciki, ta fasa masa 'yar taga, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

"Leƙa. Kada ka taɓa."

Dada ya leƙa, ya ɗago da sauri, ya kira ta yadda muke kiran malamai mata. "Didimoni, wani abu na harbawa!"

"Zuciya ce. Bar ta, ba ita ka zo gani ba. Dubi sama da ita. Me ka gani?"

"Kamar siririn bututu, ya kumbura wuri-wuri."

"Haka ɗan kaza yake farawa, haka ɗan mutum ma. Bututu ne, samansa ya kumbura gida uku: na gaba, na tsakiya, na baya. Dubi na bayan da kyau."

Ya daɗe a sunkuye. Can ya ce, "Yana da gaɓa-gaɓa, kamar rake."

"Yauwa. Bakwai ne ko takwas, malamai ma ba su gama jayayya ba. Kowace gaɓa da aikinta. Daga wata jijiyar muƙamuƙi ke fita, daga wata ta fuska da kunne, daga wata ta maƙogwaro. In sun gama raba aiki sai gaɓoɓin su shafe, ba ka ƙara ganinsu."

Ni ma na leƙa. Gaskiya ni ban ga rake ba, na dai ga wani abu fari-fari kamar ƙwayar shinkafa da ta jiƙa.

Ta ɗauki alli ta ci gaba a allo. Kumburin nan na baya, in ji ta, rufinsa siriri ne, yana buɗewa kamar an tsaga kwasfar wake. Leɓɓan tsagar na sama su ke yin kauri, su taso daga dama da hagu, su rufe saman, su zama ƙaramar ƙwaƙwalwa. A tsakiyarta akwai wani zirin da littattafai ke kira tsutsa, shi ne na Jhumur bai cika ba. A gaba kuma akwai gada, mai haɗa saƙo tsakanin sama da ƙasa. Can ƙasa, inda ƙwaƙwalwa ke zama lakar ƙashin baya, akwai mai kula da numfashi da bugun zuciya da haɗiya.

"Tana haɗiye abinci? Tana kuka da ƙarfi?"

Na ce, "Har maƙwabta sun kawo ƙara."

"To wannan nata lafiya lau yake, ku gode wa Ubangiji. Shi kuwa zirin nan, tun kafin ciki ya cika wata biyar ake gama aza shi. Husufin da ya zo a wata na takwas ya makara, Pal-babu. Ya tarar an tashi daga aiki."

"To me ya jawo?"

"Ban sani ba. Sau da yawa ba wanda ya sani. Kuma ba zan ce maka za ta yi tafiya ba, don ni ba boka ba ce. Abin da na sani, ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ta gama girma a ciki, tana ci gaba bayan haihuwa, kuma da maimaici take koyo. Ku riƙe atisayen da aka ba ku."

Muka kamo jirgin ƙasa zuwa gida. Da muka sauka Dada ya ce, "In na faɗa wa Ma da baki, za ta ce 'yan boko sun juya mini kai. Sai ta gani."

Ya ajiye masunta da masu talla, ya kama gina abin da ya gani. Bayan mako biyu ya naɗe guda huɗu a tsumma muka koma wajen Didimoni. Ya jera su a teburinta yana murmushi, yana jiran yabo. Ta ɗauki na farko ta juya, ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wannan wane ne? Har da kumatu! Pal-babu, ɗan tayin wata ɗaya ba shi da fuska, balle ya yi mini murmushi. Kuma wa ya ce ka miƙar da shi? A lanƙwashe yake. Gaɓoɓin nan ka yi su daidai wa daida kamar ƙwayar carbi, ba haka suke ba. Ka fi Mahalicci iya ado ne?"

Dada ya tattara kayansa bai yi sallama ba. A hanya ya rantse ba zai ƙara taka ginin nan ba. "Matar da ko tukunyar wasa ba ta taɓa ginawa ba!" Kwana uku yana huci, a na huɗu na iske shi ya farfasa su ya jiƙa yumɓun.

Haka suka yi ta yi har damina ta wuce. Ya kai, ta kushe, ya yi fushi, ya gyara. Ta ba shi aron zane-zane, ta bar shi ya zauna a bayan aji yana saurare, ɗalibai na kiransa Kawu. Ta nuna masa ƙwaƙwalwar mutum ta gaske a cikin kwalba, aka yanka ƙaramar a tsakiya ya ga farin reshe-reshe kamar bishiya a cikinta. Ya dawo yana ta santi, wai bai taɓa ganin aikin da ya kai wannan tsafta ba. Ni ma na sha nawa. Na shafa wa gadar ja don ta yi kyau, ta ce ba amarya ake kai wa ba, in bi launin da ta rubuta. A unguwa kuwa abin dariya ya samu. Maƙwabcinmu Nakul, mai akuyar nan, in ya leƙo rumfa sai ya ce, "Haripada, yau tsutsa nawa aka haifa? Wane biki ake bauta musu?" Dada ya ce, "Zo in gina taka ƙwaƙwalwar, ai ba za ta ci yumɓu da yawa ba."

Ranar da Didimoni ta juya na ƙarshe ta ajiye ba ta kushe ba, ta tambaye shi ko zai yi wa ajinta irinsu, shi ne ya san an gama.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ya kira Ma da Boudi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe ƙeyar kowanne, don ya yi su ne da murfi. Ga bututu, ga gaɓoɓin rake, ga leɓɓa suna tasowa, ga su sun rufe. Ma ta zauna da tagumi tana kallo.

"To wanne ne na ranar husufin?"

Dada ya taka har ƙarshen tabarma ya dafa na ƙarshe. "Wannan, Ma. Kin gani, komai ya riga ya zauna. Inda aikin Jhumur ya tsaya kuwa, can baya ne." Ya koma ya nuna wajen tsakiyar layin.

Boudi ba ta kalli inda yake nunawa ba. Idonta na kan wani ɗan mitsitsi da ya ɗora a kan ganye a farkon layin, bai kai ƙwayar wake ba.

"Wannan fa?"

"Shi ne ainihin girmansa a wata na farko. Sauran duk na ƙara musu girma ne don a gani."

Ta ɗauke shi ta sa a tafin hannu. Ta ce a hankali, "Lokacin ko sanin ina da ciki ban yi ba." Sai hawaye. Ta yi kuka sosai, muka ƙyale ta.

Ma ta tashi tana gyara zani. "Duk da haka dai, yankan kifi ranar husufi ba kyau." Ta shige ɗaki. Amma da rana, da aka zo rabon abinci, da hannunta ta ɗauki kan kifin, wanda tun rasuwar mahaifinmu Dada ne ke ci, ta sa a kwanon Boudi. Dada ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Daga ranar ban ƙara jin maganar nan ta "kifi dai an ci" ba.

Sai aka koma kan Jhumur gaba ɗaya. Boudi ke yi mata atisayen asibiti safe da yamma. Dada kuma ya ɗaura gora biyu a gefen ramin da muke taka yumɓu, ya riƙa tsayar da ita a ciki. Yumɓun ya riƙe mata ƙafa, gorar ta riƙe mata hannu, in ta faɗi kuma a kan laushi ta faɗi. Ya kai wannan dabara wajen masu motsa gaɓoɓi, suka ce ba laifi, a dai riƙa wanke ta. Da farko ihu take yi. Daga baya ta gane daɗin abin, in ba a sa ta ba ne take ihu. Wadda ta fi kowa naci kuwa Ma ce. Takan zauna a ƙarshen gorar da guntun sarbhaja, alewar madara ta garinmu, a hannu, tana cewa, "Taho, kishiyata, in kina so ki zo ki karɓa. Ba mai kai miki." Jhumur ta ciro ƙafa ɗaya da ƙyar, ta dasa, ta ciro ɗayar, tana zagin kakarta da yaren da ba mai ji sai su biyu.

An daɗe. Akwai watannin da ba mu ga wani ci gaba ba, har Boudi ta ce a bar yarinya ta huta. Ta zauna da kanta tana shekara uku da wani abu. Ta tsaya da bango. Tana wajen shekara shida, wata safiya ina haɗa fenti, na ji Nakul daga bayan shinge yana ƙwala wa Dada kira kamar gobara ta tashi. Muka fito. Ga Jhumur a tsakiyar layi, ita kaɗai, ƙafafu a ware kamar matuƙin kwale-kwale, hannuwa a sama, tana bin ɗan akuya. Ta yi taku kaɗan ta faɗi, ta tashi, ta ci gaba. Dada zai ruga ya ɗauke ta, Nakul ya riƙe masa riga. "Kai, bar ta! Akuyata ce take bi, ni ban yi ƙara ba." Ma ta ga wannan da idonta, ta rasu a shekarar da ta biyo.

Jhumur ta yi makaranta har aji takwas. Rubutunta kamar kaza ta bi ta kan takarda, maganarta a ja take fita, amma kanta garau, kuma bakinta na ubanta ne. Aikin Dada ya shiga kwalejoji da dama, har daga wasu jihohi ake aiko masa. Ya yi zuciya, ya yi kunne, ya yi ido, amma ƙeya ce gwanintarsa. Daga baya na roba suka shigo, sannan ɗalibai suka koma kallon komai a waya, aikin ya ja baya. Bai damu sosai ba, ya koma wa masuntansa. Didimoni ta yi ritaya. Duk shekara takan zo bikinmu, ta zauna a rumfa ta sha shayi, ta ce hancin gunkin ya karkace, shi kuma ya yi dariya. Ita kaɗai ke faɗin haka ta kwana lafiya.

Yanzu Jhumur ta kusa talatin, ita ke tsare shagonmu na bakin titi. Bara ta ce ta gaji da jiran mai kai ta, keke mai ƙafa uku take so, irin mai akwati a baya na ɗaukar kaya. Dada ya ce sam, titi ba ramin yumɓu ba ne. Boudi ta ce, "Kai ka koya mata taurin kai, sai ka sha." Aka sayo. Ranar farko ta shige shingen Nakul ta kwantar da rabinsa. Ya fito yana faɗa, ta ce, "Kawu, da ma ya tsufa, taimakonka na yi." Bayan wata guda ta iya.

Yanzu kusan kullum da la'asar za ka gan su a hanyar kogin Jalangi. Ita a gaba tana taka feda a hankali, shi a cikin akwatin baya, ya naɗe ƙafafu, ya ƙanƙame ƙarfe da hannu biyu, yana ta ba da umarni.

"Dama! Na ce dama! Ga rami nan!"

"Baba, ka yi shiru ko ka sauka."

Bai taɓa yin shirun ba, kuma bai taɓa sauka ba.